Shagon Baffa da Bankak: Yadda Siton Riɗi Ya Koma Banki a Gadarif

Baffana ɗan kasuwar hatsi ne a Gadarif, can gabashin Sudan, kusa da iyakar Habasha. Riɗi da dawa yake saye a hannun ƙananan manoma, mafi yawansu Hausawa 'yan'uwanmu da ke ƙauyukan kudancin jihar. Yakan tara a sito, in farashi ya yi masa ya kai kasuwar amfanin gona ta garin, wadda duk Sudan ba ta biyunta a cinikin riɗi. Ni nake riƙe masa littafi tun 2019. Abin da zan rubuta shi ne yadda kuɗi ya riƙa shiga da fita a shagon nan daga watan Afrilun 2023 zuwa farkon 2025, lokacin da takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo, waya ta maye gurbinta, shagon da aka buɗe don awo ya wayi gari yana aikin banki ba tare da kowa ya ba shi lasisi ba. Ba zan faɗi sunansa ba, domin ya ce kada in faɗa.

Ga mai karatu a Kano ko Maraɗi da bai san da mu ba: wasu kakanninmu hanyar hajji ce ta kawo su, wasu kuma hijira, bayan yaƙin Burmi na 1903 inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Ɗansa Mai Wurno ya ja jama'a suka sauka a bakin kogin Nilul Azraƙ kusa da Sinnar, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. A yau muna nan a Jazira, Damazin, Kassala, Gadarif har Port Sudan, noma da kamun kifi da ƙaramin kasuwanci.

Kafin yaƙi

Banki ba wurin zuwan talakanmu ba ne, kuma ba jahilci ne ya hana su ba. A 2018 an yi ƙarancin tsabar kuɗi a ƙasar nan wanda mutum zai kwana a layin injin cirar kuɗi ya tashi hannu rabbana. Wahalar nan, haɗe da tsadar burodi, tana cikin abin da ya fito da mutane titi a Atbara a watan Disamban shekarar, har gwamnatin Umar al-Bashir ta faɗi a Afrilun 2019. A kakar 2018 ɗin kuɗin Baffa ya maƙale a wani banki, manoma na tsaye a ƙofar sito da buhunansu, shi kuma ana ba shi abin da bai kai kuɗin buhu biyu ba a rana. Tun daga nan ya sayi akwatin ƙarfe. Yakan ce, "Kuɗin da sai ka roƙa kafin ka taɓa shi, na mai ajiya ne."

Manoman kuwa da yawansu ko sun so buɗe asusu, ƙofar a rufe take. Sai da raƙam waɗani, wato lambar zama ɗan ƙasa, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa Bahaushen ƙauye yakan sha tambayar asalin kakansa kafin ya same ta, ko da kakan nan a Sudan aka binne cibiyarsa. Don haka bashin noma a wurinmu na shail ne: manomi ya karɓi kuɗi ko iri a hannun ɗan kasuwa da damina, ya biya da amfani in kaka ta yi, a farashin da aka yanke tun farko. Bankunan Sudan, waɗanda dukkansu kan tsarin Musulunci suke, suna da irin wannan da sunan salam, amma manyan masu noma da tarakta suka fi cin gajiyarsa.

A 2021 na lallaɓi Baffa muka buɗe masa asusu a Bankin Khartum, na sa masa manhajar Bankak a waya. Ya kira ta wasan yara. Shekara biyu ba mu yi amfani da ita ba sai don sayen katin wuta.

Ranar da mahaɗar ta mutu

Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, faɗa ya ɓarke a Khartum tsakanin soja da dakarun RSF, wato rundunar kai ɗaukin gaggawa. Gadarif ba ta zama fagen daga ba, amma ta ji a aljihu. Dalilin yana buƙatar ɗan bayani, don a nan ne duk labarin ya rataya.

Akwai kamfani da ake kira EBS, ƙarƙashin Babban Bankin Sudan, wanda shi ne mahaɗar bankunan ƙasar. In ka sa katin wannan banki a injin wancan, ko ka tura kuɗi daga wani banki zuwa wani, ta cikin kwamfutocinsa saƙon yake bi. Kwamfutocin kuwa a Khartum suke, tsakiyar wutar. Hedikwatar Babban Bankin a can take, hedikwatun kusan dukkan bankuna a can suke, an kuma wawashe rassa da dama. Mahaɗa na tsayawa, kati ya koma roba kawai. Reshen banki a Gadarif yana buɗe, ma'aikaci yana zaune, amma bai iya ganin abin da ke asusunka ba, balle ya ba ka.

Bankak shi ma ya yi ta ɗaukewa a makonnin farko, amma ya dawo. Ba wani tsafi a ciki. In mai turawa da mai karɓa duk a banki ɗaya asusunsu yake, kuɗin ba ya zuwa ko'ina. Lamba ce ake ragewa a wannan shafi a ƙara a wancan, cikin littafin bankin kansa, ba ruwansa da mahaɗa. Bankin Faisal yana da tasa manhajar, Fawry, Bankin Omdurman yana da O-Cash, amma a lokacin kowanne rijiyarsa daban, guga ɗaya ba ya shiga biyu. A irin wannan hali kowa rijiyar da ta fi jama'a yake nufa, don a can wanda zai biya shi yake. Kafin damina ta ƙare, mai shayi, mai nama, mai tuƙa raksha (a-daidaita-sahu), kowa ya rubuta lambar asusunsa a kwali ya rataya.

Littafi na biyu

Masu sayen riɗi don fitarwa ta Port Sudan suka daina zuwa da jakunkuna, suka koma tahwil, wato tura kuɗi ta waya. Baffa ya wayi gari da dukiya a waya, manomansa kuma ba su da inda za a tura musu. Ta ɗaya gefen, yaranmu da ke aiki a Jidda da Makka da Riyad suna son taimakon gida. Yadda suke yi shi ne su miƙa riyal ga wani ɗan canji a can, shi kuma ya turo fam, kuɗin Sudan, ta Bankak a farashin bayan fage, cikin minti biyar. Riyal ɗin ba ya shigowa Sudan ko ɗaya, abin da ya kamata masu lissafin tattalin arziki su damu da shi, amma uwar da ke jiran kuɗin cefane ba wannan ne gabanta ba. Abin da ɗan Jidda ke buƙata lambar asusu ce ta mutumin da ya yarda da shi. Lambar Baffa ta zagaya.

Da Wad Madani, babban birnin jihar Jazira, ta faɗa hannun RSF a Disamban 2023, Gadarif ta cika maƙil, makarantu suka koma masauki. A lokacin na sayi sabon littafi mai baƙin bango, na rubuta "Amana" a kansa. Kowa da shafinsa: ranar da kuɗi ya shigo, wanda ya turo, lambar ma'amala, abin da aka karɓa, abin da ya saura.

Wata tsohuwa da ta gudo daga Jazira da jikoki huɗu ita ce shafi na 17. Ranar farko ta tsaya a bakin shago, ta ƙi shigowa.

"Alhaji, yaron nan na Jidda ya ce ya sa mini abu a wayarku."

"Sannu da zuwa, Iya. Ku shigo inuwa ku zauna. Kai, duba mata."

Na duba, na ce, "Iya, ya shigo. Miliyan 150 ne." (Kada mai karatu ya razana. A bakin 'yan Sudan fam 1,000 shi ne miliyan, tun da aka sauya kuɗi aka datse sifili harshe bai bi ba. Fam 150,000 ke nan.)

"To ba ni in gani."

Na miƙa mata wayar. Ta kalla ta kalla, ta mayar mini. "Ɗan nan, wannan ai rubutu ne."

Ta karɓi dawa rabin buhu, da mai da sukari da muka aika aka sayo mata a shagon maƙwabci da tahwil, da 'yar tsabar da za ta sayi gawayi. Sauran ta ce a bar mata "a rubutun". Ta danna yatsa a shafinta ta tafi. Ni a ganina duk abin da ake kira shigar da talaka harkar banki ta hanyar fasaha, a unguwarmu ga kamarsa nan: kwamfutar banki ta san Baffa kaɗai, littafi mai baƙin bango ya san sauran.

Koren ish'ar

In ka tura kuɗi ta Bankak, shafi yakan fito mai nuna an yi nasara, da adadi da suna da lambar ma'amala. Shi ake kira ish'ar. "Turo ish'ar" ta zama kamar sallama a kasuwa. A watan Janairun 2024 wani mutum mai tsaf da rawani ya zo da mota, ya yi cinikin dawa buhu 12, ya danna waya, ya juyo mini da allo. Kore shar, sunan Baffa daidai, adadi daidai. Shabaka, wato layin intanet, a ranar tana rarrafe, na yi ta jan shafinmu bai buɗe ba, leburori kuma sun riga sun fara lodi. Kunyar tsayar da dattijo ta kama ni, na ce su tafi.

Har magariba ba abin da ya shigo. Hoto ne aka gyara, akwai masu haɗa irinsa. Da na faɗa wa Baffa bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ka ga kuɗin, ko ka ga hoton kuɗin?" Tun daga ranar buhu ba ya barin sito sai adadin ya bayyana a wayarmu, ba a ta mai saye ba, ko da limamin Juma'a ne. In shabaka ta ƙi, a kawo masa shayi ya jira.

Fabrairun 2024

A farkon watan Fabrairu aka ɗauke layukan MTN da Sudani, bayan 'yan kwanaki Zain ya bi su. Gwamnati da mutanen harkar sadarwa suka ce RSF ce ta rufe cibiyoyin kamfanonin a Khartum, RSF ta musanta. Ko ma wane ne, ƙasa ta yi ɗif. A wuraren da ake yaƙi, ɗakunan girkin taimako da matasan unguwanni suke tafiyarwa da gudummawar da ake turo musu ta Bankak, da yawa suka kashe wuta. A can ne na'urar Starlink, mai kamo intanet daga tauraron ɗan'adam, ta zama sana'a, mutum ya biya kuɗin awa ɗaya don ya karɓi tahwil.

A shagonmu lissafin ya tsaya haka: kusan duk abin da mutane suka ba mu ajiya yana cikin wayar da ta zama madubi. Abin da ke akwatin ƙarfe bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Da banki ne na gaske, da ranar ya rufe ƙofa. Mutane suka fara zuwa, ba da faɗa ba, da irin gaisuwar nan mai tsawo da ka san akwai magana a bayanta.

Baffa ya yanke shawara biyu. Ya buɗe sito ya ce duk mai shafi ya ɗebi dawa gwargwadon bukatar gidansa a farashin ranar da layi ya ɗauke, a rage a shafinsa, alhali kasuwa ta riga ta fara hawa. Sannan ya tura ni Gallabat, bakin iyaka, inda ake kama layin Habasha daga Matamma. Na yi kwana biyu a can da aron layi, na biya mutum uku da muke riƙe da kuɗin riɗinsu, na kwafe duk abin da ya shigo kafin ɗaukewar a takarda, na dawo. Sudani ya fara dawowa cikin watan daga wata cibiya a Port Sudan, Zain kuwa sai a Maris, dab da azumi.

Abin da ya riƙe shagon a makonnin nan ba manhaja ba ce, ba kuma tsabar kuɗi ba. Dawa ce, da kuma cewa babu wanda ya yi zaton Baffa zai gudu. Asarar da ya yi a bambancin farashi ta fi ta buhu 12 ɗin nan nesa ba kusa ba, kuma bai taɓa sa ni in lissafa ta ba.

Fam biyu a kasuwa ɗaya

Wurin da na fi so a tsaya a duba shi ne nan. A takarda, fam ɗin Bankak da fam ɗin hannu abu ɗaya ne. A kasuwa ba haka ba ne. Tunda tsaba ta yi wuya, mai ita ya sa mata farashi: ka tura masa 100,000, ya ba ka 90,000 a hannu, wani lokaci ƙasa da haka. Masu kaya suka koma farashi biyu, na kash, wato tsaba, da na tahwil. Wanda ya ga abin da masu POS suka yi a Najeriya farkon 2023, lokacin sauya takardun naira, ya san irin zafin.

Baffa yana da hanyar samun tsaba fiye da yawancin mutane, don masu sayen mudu-mudu da ita suke biya. Maƙwabtansa sun shiga sana'ar, ni ma na kawo masa shawarar, ba zan ɓoye ba. Ya kai maganar gaban malamin masallacinmu. Malam ya ce hukuncin a fili yake: kuɗi iri ɗaya in za a musanya, sai daidai wa daida, hannu da hannu, ƙari riba ne. Na ce, "Allah gafarta Malam, to wahalar neman tsabar fa, ba ta da lada?" Ya ce ladan aiki daban, yankan kashi cikin ɗari daban, kuma in ladan yana hawa duk ranar da mutane suka fi matsuwa, in tambayi zuciyata sunansa. Baffa ya hana. Amma hanin bai kashe matsalar ba, ya dai sauya mata wuri: tunda ba ma cirar komai, kowa wurinmu yake son karɓar tsaba, sai muka koma rabo, kaɗan-kaɗan, mai mara lafiya da mai tafiya a gaba. Manomin da zai biya masu yankan riɗi, waɗanda da yawansu daga Habasha suke zuwa kuma ba ruwansu da Bankak, dole ya je wurin masu cira. Taƙawar Baffa ba ta rage masa ko fam ɗaya ba.

Ga kuma ɓarawon da ba ya fasa ƙofa. Kafin yaƙi dala tana wajen fam 600, zuwa ƙarshen 2024 ta haura 2,000 a bayan fage. Duk wanda ya bar kuɗi a shafinsa wata uku, ya dawo ya tarar da adadin yana nan, abin da zai saya ya zaizaye. Bayan faɗuwar Sinja, babban birnin jihar Sinnar, hannun RSF a ƙarshen Yunin 2024, da 'yan'uwa suka kwararo daga can da Dindir da kewayen Mai Wurno cikin ruwan damina, wani dattijo daga cikinsu ya ce shi kada a rubuta masa fam, a rubuta masa buhu. Wasu suka bi shi. Na ƙara layi a littafin. Har yau ina ganin wannan dattijon ya fi mu duka fahimtar abin da ake ciki.

Sauya kuɗi

A watan Nuwamban 2024 Babban Banki ya sanar da sabuwar takardar fam 1,000, da niyyar janye tsofaffin 1,000 da 500, yana cewa an wawashe da yawa, an kuma buga na jabu. Aka fara sauyin ranar 10 ga Disamba a jihohin da ke hannun soja, har da Gadarif. Ba hannu da hannu ake yi ba. Sai ka zuba tsofaffin a asusu, sannan ka cira, kuma a lokacin ba fiye da fam 200,000 a rana ba. RSF ta haramta sababbin a yankunanta, ƙasa ɗaya ta koma kuɗi biyu.

Manufar a tura kowa banki ce, kuma ta tura. Manoma suka tono abin da suka binne, suka zo da shi a buhun taki, yana warin ƙasa. Wanda ba shi da asusu ina zai kai? Shagon Baffa. A nan ne tsoro ya kama ni sosai. Asusu ɗaya, da sunan mutum ɗaya mai shekara 60 da ɗoriya da hawan jini, kalmar sirri a kaina ni kaɗai. In ya faɗi yau, a idon banki da kotu duk kuɗin nan gadon 'ya'yansa ne. In banki ya ga shige da ficen ya yi yawa ya daskarar da asusun don bincike, ba shi da laifi, mu kuma ba mu da takardar da za mu nuna sai littafi mai tambarin yatsu. In aka fizge wayar a hanya aka tsare ni sai na buɗe, kamar yadda aka sha yi wa matafiya a yankunan yaƙi, shi ke nan.

Na zayyana masa wannan duka da dare. Ya yi shiru, ya ce, "Ka yi gaskiya, ɗana." Washegari muka sa doka: duk mai raƙam waɗani, na zauna da shi na buɗe masa asusunsa a waya, na tura masa abinsa, na ja layi a shafinsa. Wanda ba shi da babbar waya, ta ɗansa ko ta ƙanensa. Aka kwafe littafin gida biyu, ɗaya wurin liman, da sa hannun shaidu biyu, aka kuma rubuta wasiyya cewa abin da ke ciki ba na Baffa ba ne. Cikin shafuka 60 da 'yan kai, fiye da rabi suka rufe kafin azumin 2025.

Waɗanda suka saura su ne waɗanda tun farko aka san za su saura: tsofaffi, zawarawa, matan da takardunsu suka ƙone ko aka baro su a Jazira, da mutanen ƙauye da ba a taɓa ba su lambar ba. Manhajar ba ta tambayar ƙabila, gaskiya ne, amma tana tambayar lamba, lambar kuma a ofis ake bayarwa, inda ake tambaya. Ban ga gyaran da injiniya zai yi wa wannan ba.

Soja sun koma Wad Madani a Janairun 2025, Iya ta shafi na 17 ta ce sai ta ga an gyara rijiyar ƙauyensu tukuna. Tana nan tana zuwa duk farkon wata. Ta koyi kalmar ish'ar, tana kuma iya gane sunan ɗanta a allo, amma yatsa take dannawa har yanzu. Kowane dare bayan isha'i Baffa yakan jawo kujera bakin akwatin ƙarfe, in buɗe waya, in buɗe littafi.

"Nawa ne a waya?"

In faɗa.

"Nawa ne na mutane?"

In faɗa.

"To saura shi ne namu. Kashe fitila."